Daga gyara aka fito da shi, bai yi minti biyu a sama ba

Laminu Makanike: Salamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni, kuma ba raha nake ba. Jiya da dare ƙanena ya nuna mini wani bidiyo a salula: ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya ya tashi, ko tsayin kirki bai yi ba, injin ya yi tari sau biyu ya yi tsit, sai ga shi cikin gona. A ƙasan bidiyon an rubuta wai a ranar aka fito da shi daga gyara. Shekarata 19 ina kwance injin mota a Sabon Gari, na san mota takan dawo mini bayan kwana biyu da ciwon da ba ta zo da shi ba, ba na musun wannan. Amma jirgi fa? Mu abin da muke ji shi ne komai nasa da takarda da awo. Ta yaya gyara zai zama shi ne ajalin jirgi?

Abdu Kabu-kabu: Ashe su ma suna da irinka a can, Laminu. Wanda in ya gama haɗa inji sai noti uku su rage a faranti ya ce kamfani ne ya sa su don ado.

Laminu Makanike: Kai dai biya ni kuɗin bidanjin watan jiya tukuna.

Alhaji Mamman Sani: Ba wani gyara. Tsufa ne. Jiragen da Turawa suka gama ci su ake turo mana, kamar motocin Kwatano. Na taɓa ganin ɗaya a filin jirginmu na nan Damagaram, aka ce mini ya girmi babban ɗana. Abin da ya tsufa dole ya mutu, ko mutum ko ƙarfe.

Sanusi: Alhaji, ku yi haƙuri in ɗan saɓa muku. Ina shekara ta biyu a fannin gyaran jirgi a kwalejin sufurin sama ta Zariya, kuma farkon abin da aka cire mana daga kai ke nan. Ba a ƙirga tsufan injin jirgi da shekara kaɗai, da awa ake ƙirgawa. Injin Lycoming irin na ƙaramin jirgin Cessna 172, kamfanin ya ba da shawarar a kwance shi kaf a sake gina shi wajen awa 2,000 na aiki. Injin PT6 na jirgin Caravan yakan kai awa 3,600. Ke nan jikin jirgi zai iya kai shekara 45 alhali injin da ke gabansa bara aka sabunta shi. Bayan haka akwai duba na kowace awa 100 ga jirgin da ke ɗaukar mutane da kuɗi, da babban duba na shekara, da canjin baƙin mai kusan kowace awa 50. Amma Baba Ilu yana cikin gidan nan, shi ya kamata ya yi magana, ni ɗalibi ne.

Baba Ilu: Wa alaikumus salam. Ina karantawa, idanun ne sai a hankali. Sanusi ɗana ya faɗi daidai. Laminu, tambayarka ta mai sana'a ce, bari in ba ka amsar mai sana'a.

Na yi aikin gyaran ƙananan jirage tun ina saurayi har na yi ritaya, mafi yawa jiragen feshin fara da tsuntsaye. Abin da zan faɗa maka, duk tsohon makaniken jirgi ya san shi ko da bai faɗa a gaban fasinja ba: awannin farko bayan an fito daga gyara su ne muke riƙe numfashi a cikinsu. Injin da ya yi awa 900 yana ruri lafiya ba wanda ya taɓa shi, ban damu da shi ba kamar wanda jiya hannu huɗu suka shiga cikinsa. Duk tiyon da ka kwance, duk notin da ka sassauta, ka buɗe ƙofa, kuma sai ka tabbata ka rufe ta da kanka.

Kuma ba yau aka gano ba. A Yaƙin Duniya na Biyu, wajen 1943, sojojin saman Ingila masu farautar jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suka rasa dalilin da ya sa jiragensu da yawa kullum suna ƙasa. Wani masanin kimiyya mai suna Waddington ya zauna da littattafan gyaransu ya ƙirga. Sai ya tarar matsaloli sun fi yawa jim kaɗan bayan duban da ake yi wa jiragen duk awa 50, sannan su riƙa raguwa har lokacin duba na gaba ya zo, a sake tayar da su. Da aka rage taɓe-taɓen da ba dole ba, jiragen suka fi tashi.

Abdu Kabu-kabu: Alhamdu lillahi, Baba ya yanke hukunci. Daga yau na daina kai babur gyara.

Baba Ilu: Kai ɗan nema, ban ce haka ba. Injin da ba a dubawa zai kashe ka, sai dai shi yakan yi maka sallama tukuna: zafi ya hau, mai ya riƙa raguwa, garin ƙarfe ya fito a matatar mai. Wanda aka gyara aka bar aiki rabi, shi ba ya sallama.

Hajiya Rabi: Baba, ina wuni. Ni kun tayar mini da hankali. Aikin jinya ya sa na hau ƙananan jiragen nan na ƴan agaji ya fi sau goma, zuwa Diffa da Agadas, don hanyar mota ba ta biyuwa wani lokaci. Kullum ina ganin matuƙin kafin mu tashi yana zagaya jirgin, yana leƙa nan yana taɓa can, har ya tsiyayi mai a ɗan kwalba ya ɗaga wa rana. In akwai kuskuren makanike ba a nan zai gani ba?

Baba Ilu: Lafiya lau ƴata. Zagayen nan yana da amfani ƙwarai. Man da yake tsiyaya, ruwa yake nema, don ruwa ya fi mai nauyi, yana kwanciya a gindin tanki. Amma abin da ke ƙarƙashin murfin inji ba ya gani. Yana duba sandar awon baƙin mai, ya leƙa ta ƴar taga, shi ke nan. Sauran ya dogara ne da sa hannun da ke cikin littafin inji. Matuƙi da rubutun wani yake tashi.

Bari in ba ku nawa labarin, tunda an zo wurin. Shekarar fara, 1988. Waɗanda suka yi wayo a lokacin sun tuna yadda take rufe rana. Muna wani filin sauka na daji arewa da nan, wajen Tanut, ina aiki da wani kamfanin feshi da aka ɗauko haya. Jirgi ɗaya, matuƙi ɗaya, ni da yaro guda. Ana fita feshi tun da duku-duku kafin farar ta ji ɗumi ta tashi, ke nan gyara sai da yamma ko da dare, da fitila a baki.

Ranar na kwance tiyon da ke kai mai cikin inji don in wanke rariyar da ke wurin, ƙura ta yi mata yawa. Na wanke, na mayar, na murza notin tiyon da yatsuna har ya tsaya, da niyyar in ɗauko kile in ɗaure. A daidai nan motar da ta kawo gangunan mai ta iso, direban yana ta oda yana cewa dare zai yi masa. Na je muka sauke ganguna, na ƙirga, na sa hannu, aka kira magariba, aka yi salla, aka zuba shayi. Da na dawo na haska fitila, na ga tiyo a wurinsa, noti a wurinsa. Ido ba ya bambanta notin da aka ɗaure da kile da wanda aka murza da hannu. Na rufe murfi. Ƙa'ida ta ce in tada inji da murfi a buɗe, a ba shi wuta, in tsaya in duba ko akwai yoyo. Ban yi ba. Na gaji, kuma na yi aikin nan ya fi sau ɗari.

Da asuba matuƙin ya gwada inji a ƙasa, komai lafiya, don notin yana riƙe. Girgizar tashi ce ta warware shi. Ina tsaye ina kallonsa ya yi nisa, sai na ji sautin ya canza. Wallahi kafin ya juyo na san abin da na yi, kamar an rubuta mini a allo. Allah Ya sa ya riga ya yi ɗan tsayi, ya zubar da maganin feshin don jirgin ya yi sauƙi, ya sauka a wani fako. Ƙafar jirgin ɗaya ta karye, farfela ta lanƙwashe, shi ya fito da tsagar goshi. Mai yana ta zuba kusa da salansa mai zafi amma wuta ba ta kama ba. Har yau ban san dalili ba sai ikon Allah.

Laminu Makanike: Innalillahi. Baba, wannan ai ni ne kuke ba da labarina. Sau nawa ina tsakiyar ɗaure tayar mota a kira ni a salula.

Hajiya Rabi: Mu ma a likita haka ne. Kana tsakiyar haɗa allura a kira ka gado na gaba, ka dawo ka rasa ko ka zuba ko ba ka zuba ba.

Alhaji Mamman Sani: To Baba, da girmanku, amma wannan ai aikin daji ne, da fitila a baki, shekara talatin da wani abu. A ƙasashen da suka ci gaba ba za a yi haka ba.

Sanusi: Alhaji, ana yi. Ranar 5 ga Maris 2015 ɗan wasan nan na Amurka, Harrison Ford, ya tashi daga Santa Monika da wani tsohon jirgin koyon tuƙi na zamanin yaƙi. Mutum ne da kuɗi ba matsalarsa ba ne. Yana tashi inji ya mutu, ya faɗa filin wasan golf kusa da filin jirgin, ya karye. Da hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta buɗe karbirato, sai ta tarar ɗan bututun da ke auna man da ke shiga ya warware daga mazauninsa, mai ya yi wa injin yawa ya shaƙe. Tun 1998 aka sake gina karbiraton, kuma babu inda aka rubuta cewa an sake duba wannan ɗan abin.

Ga wani kuma da malaminmu yake yawan kawowa, duk da babban jirgi ne. 5 ga Mayu 1983, jirgin kamfanin Eastern mai inji uku ya tashi daga Mayami zuwa Nasso da mutum 172. Injin uku duka suka zubar da baƙin mai a sama. Akwai wani ɗan toshe mai maganaɗisu da ake cirewa a duba ko ya kama garin ƙarfe, a sa wani. Kullum makanikan suna samunsa da zoben robarsa a jiki. A daren sai aka ɗauko daga sito, babu zoben, ba wanda ya duba, aka ɗaura wa inji uku. Da ƙyar suka sake tada inji ɗaya suka koma Mayami. Zoben robar da bai kai zoben yatsa kauri ba.

Baba Ilu: "Ai kullum haka yake zuwa." Maganar da na fi tsoro ke nan a bakin yaro. Daga irin wannan ne aka koyi cewa kada mutum ɗaya ya yi aiki iri ɗaya a kan duka injinan jirgi a dare ɗaya, don kuskurensa zai maimaita. To ƙaramin jirgi mai inji ɗaya ba shi da na biyun da zai rufa masa asiri.

Abdu Kabu-kabu: To in inji ya mutu jirgi faɗowa yake kamar dutse?

Sanusi: A'a, yana lilo ne ƙasa a hankali kamar shirwa. Cessna 172 in tana tsayin mita 1,000 za ta iya tafiyar kusan kilomita 9 babu inji, matuƙi ya samu lokacin zaɓen fili. Matsalar ita ce kuskuren gyara ya fi son bayyana a lokacin tashi, don a nan ne inji yake ba da duk ƙarfinsa, girgiza da matsin mai suka fi yawa. A tsayin mita 100 abin da ya rage maka bai fi rabin minti ba. Da yawa a nan suke mutuwa, suna ƙoƙarin juyowa filin da suka baro, gudu ya ƙare musu a kwana, fiffike ya saki. Abin da ake koyarwa shi ne ka sunkuyar da hanci ka sauka a abin da ke gabanka ko da gonar wani ce.

Kuma ku ƙara da zafinmu. Filin Damagaram yana kusan mita 460 sama da teku, amma a Afrilu da rana, in zafi ya kai 42, iska takan yi sirara har inji ya ji kamar yana kan dutsen da ya haura mita 1,500. Tun kafin a yi wani kuskure ya riga ya rasa wani kaso na ƙarfinsa. In aka ce kuma manyato ɗaya, wato abin da ke ba buji wuta, ba a saita shi daidai ba, ko buji biyu sun toshe da dalma, abin da zai wuce lafiya da sanyin asuba ba zai wuce da azahar ba.

Alhaji Mamman Sani: Ni dai har yanzu ina ganin ana ɗora wa makanikai laifin matuƙa. Gwamnan Taraba na lokacin, Danbaba Suntai, da ya faɗi da Caravan kusa da Yola a Oktoba 2012, shi yake tuƙi da kansa. Makanike ne ya ce ya tashi da yamma?

Baba Ilu: A nan kuna da gaskiya, Alhaji, kuma ba zan ɓoye ba. Rahoton wannan haɗarin ya fi nauyi a kan cancantar matuƙin da kuma tafiyar da ta kai shi bayan faɗuwar rana. Kuma in aka tara haɗurran ƙananan jirage gaba ɗaya, mafi yawansu daga matuƙi ne: ya shiga hadari, mai ya ƙare masa, ya yi lodi fiye da kima. Namu kason ƙarami ne. Sai dai shi matuƙi kuskurensa shi ma yana cikin jirgin. Ni ranar Tanut a ƙasa nake, da kofin shayi a hannu.

Nana Hadiza: Ni ƴar kallo ce a wannan magana, amma ɗan ƙwallon nan Sala fa? Na ji an ce hayaƙi ne.

Sanusi: Yauwa Yaya Nana. Emiliano Sala, 21 ga Janairu 2019, daga Nant zuwa Kadif da dare, a cikin ƙaramin jirgi Piper Malibu mai inji ɗaya, jirgin ya faɗa teku. Da aka ciro gawarsa daga teku aka tarar iskar kabon monoksaid ta kama kashi 58 cikin 100 na jininsa. Ita ce iskar nan da ke kashe mutane in sun kwana da gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki, ba wari ba launi. A irin waɗannan jirage ɗumin cikin ɗaki daga jikin salansa ake ɗebo shi, in ta tsage hayaƙi ya biyo. Masu bincike sun ce mai yiwuwa ta taɓa matuƙin ma. Amma kada a ce gyara kaɗai ne, matuƙin ba shi da izinin tuƙin dare ko ɗaukar fasinja da kuɗi, har wanda ya shirya tafiyar aka ɗaure shi wata 18.

Wanda ya fi fitowa fili shi ne na Ostareliya, 31 ga Disamba 2017, jirgin Beaver mai sauka kan ruwa kusa da Sidni, mutum 6 suka mutu. Salansa ta tsattsage, sannan a bangon da ya raba inji da mazaunin matuƙi akwai ƴan murafai da ake buɗewa a kai ga manyato, wasu kusoshinsu ba a mayar ba. Ta waɗannan ƴan ramukan hayaƙin ya shiga. Injin bai mutu ba, yana ruri lafiya, matuƙin ne hankalinsa ya gushe.

Malam Mutari: Na bi maganar tun daga sama. Ba wanda ke musun ajali, in ya zo ko a kan tabarma kake zai same ka. Amma a fiƙihunmu na Malikiyya mai sana'a yana da lamunin abin da ya lalace a hannunsa, tela ne ko maƙeri, an yi haka ne don a tsare dukiyar mutane. In tufa ma ana biya, ina ga rai? Ni a ganina makaniken da ya sa hannu a kan aikin da bai kammala ba a hukunta shi hukunci mai tsanani, saura su ji tsoro. Baba Ilu, ku yafe ni, ba ku nake nufi ba.

Baba Ilu: Ni kuke nufi mana, Malam, kuma ba laifi. Bari in ƙarasa muku labarin. Da muka isa wurin jirgin, wakilin kamfanin ya ja ni gefe ya ce a rubuta cewa man ganga ne ya zo da datti. Ba wanda zai musa, mai a ganga a daji, kowa ya san yakan zo da ruwa da tsatsa. Ni zan tsira, shi zai tsira, direban da ya kawo man ba ya nan balle ya kare kansa. Na kwana ban yi barci ba. Da safe na je na gaya wa matuƙin da bakina. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce daga yau duk aikin da na yi, shi zai zo ya taɓa kowane noti da kile a gabana, ni ma in ya cika tanki in hau in duba murfin. An dakatar da ni wata uku ba albashi, kuma na cancanta.

Amma da na san kurkuku ke jirana, Malam, ban tabbata zan faɗa ba. Ina da mata da jariri a Birni lokacin. Da an rubuta datti, an wanke ganguna, an bar ainihin ciwon yana nan yana jiran wani. Shi ya sa dokar binciken haɗarin jirgi ta duniya ta ce manufar bincike a hana na gaba ne, ba a nemo wanda za a rataye ba.

Malam Mutari: To sai a bar kowa ya yi ganganci ya ce kuskure ne?

Baba Ilu: A'a. Akwai wanda ya manta, akwai wanda ya san bai yi ba ya sa hannu, akwai wanda ya sayo kayan jabu ya ci rarar kuɗin. Na biyu da na uku ku yi musu abin da kuka ga dama. Na farko in ka ɗaure shi, ka koya wa sauran yin shiru ne kawai.

Malam Mutari: Wa zai tantance na farko da na biyu? Kowa aka kama zai ce shi na farko ne. Ban gamsu ba, amma na ji.

Sanusi: Italiya ta bi hanyar Malam. Jirgin Tuninter na Tunisiya, ATR 72, ranar 6 ga Agusta 2005 ya faɗa teku kusa da Palermo, mutum 16 cikin 39 suka mutu. An sa masa agogon awon mai na ƙanensa ATR 42, ya shiga ramin daidai kamar nasa, amma yana nuna mai da yawa alhali tanki ya kusa bushewa. Kotu ta yanke wa matuƙin shekara 10, ta haɗa da wasu ma'aikatan kamfanin. An yi ta gardama a kan hukuncin.

Laminu Makanike: Wannan na "ya shiga daidai" shi ne cin abincinmu a gareji, wallahi. In ya shiga rami, nasa ne.

Abdu Kabu-kabu: Baba, tambaya ta ƙarshe. Ga matatar man fetur ta SORAZ nan kusa da mu. Ba za a ɗura wa ƙaramin jirgi esansinmu ba a huta da ganguna?

Baba Ilu: Akwai ƙananan injuna irin Rotax da aka yi su su sha man mota mai kyau. Amma yawancin na fistan nasu daban ne, ana ce masa 100LL, shuɗi ne, da dalma a ciki. Masu injin PT6 kuma kananzir ɗin jirgi suke sha. Babbar musiba ita ce a zuba wa mai fistan kananzir. Zai tashi a ƙasa lafiya da ragowar man da ke cikin tiyo, sai ya ɗaga sama gaurayen ya iso, fistan ya ƙone. Mu a daji in muna shakka sai mu ɗiga a farar takarda: na gaskiya ya bushe ba tabo, mai kananzir ya bar maiƙo. Kuma ba ma zuba man ganga sai ta cikin fatar tacewa.

Hajiya Rabi: To ni da zan sake hawa wata mai zuwa, me zan yi, Baba? In ce a buɗe mini inji?

Baba Ilu: Ki hau abinki, ƴata, hanyar Diffa a mota ma ba wasa ba ce. Masu ɗaukar ƴan agaji ana bin diddiginsu fiye da jirgin wani attajiri da ke ajiye a rumfa. In kin ji ciwon kai da jiri sun taso miki haka kawai a sama, kuma na kusa da ke ma ya ce haka, ki gaya wa matuƙi nan take, kada kunya ta hana ki. Ki ɗaure bel ɗin kafaɗa sosai. In kuma aka ce an jinkirta tashi makanike yana sake duba wani abu, kada ki shiga cikin masu tsaki.

Laminu Makanike: Baba, bayan Tanut me kuka canza a hannunku? Ina so in ɗauka in kai gareji.

Baba Ilu: Abu uku ne, ba su da tsada. Noti ko dai a ɗaure shi har ƙarshe ko a cire shi gaba ɗaya a ajiye, ba na barin na tsakiya. In dole aka kira ni, ina ɗaura jan ƙyalle a wurin da na tsaya, in na dawo kuma in koma baya mataki uku in sake bi. Sannan duk wanda na ɗaure da kile mai awo sai in ɗiga masa fenti, wanda ba fenti ban gama da shi ba. A jirgi akwai kuma wayar kulle da muke murɗawa ta ramin kan noti yadda in zai warware sai ya ja wayar, wannan ba ka buƙatarta a mota. Amma kile mai awo kam ka nema. Kan silinda ba a ɗaure shi da "na ji ya yi".

Laminu Makanike: Ina da ɗaya, wani ya kawo mini daga Kano, tana cikin akwati shekara huɗu. Ban iya karanta lambobin jikinta ba, kunya ta hana ni tambaya.

Abdu Kabu-kabu: Jama'a ku shaida. Shekara huɗu.

Baba Ilu: Kawo ta ranar Asabar bayan la'asar, ina zama wurin mai shayin nan na bakin Kasuwar Dole. In an ajiye ta a ɗaure duk shekarun nan wataƙila awonta ya gauce, sai mun gwada ta da nauyin da muka sani tukuna. Ka taho da tsohon kan silinda guda da notunansa. Abdu, kai ma ka zo, kai za ka biya shayin.